Kofin da Zane Ya Zagaye: Bugun Tiriri a Birnin Kebbi da Argungu

Bugun tiriri, wanda masu shagunan ɗab'i ke kira sabilimeshan, hanya ce ta shigar da hoto ko rubutu cikin jikin kofin shayi, ko gorar ruwa, ko dogon tambulan na ƙarfe, ba tare da zanen ya zauna a sama kamar fenti ko sitika ba. Ana buga zanen a juye a kan wata takarda ta musamman, da tawada ta musamman, sannan a naɗe kofin da takardar a gasa shi da zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan zafin busasshiyar tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take tashi ta zama tiriri. A daidai lokacin kuma siririn shafen foliyesta da aka yi wa bayan kofin tun daga masana'anta yana yin laushi, sai tiririn ya ratsa shi. Da kofin ya huce, shafen ya sake ƙamewa, launin ya maƙale a ciki ke nan. Kamar yadda turaren wuta ke kama tufafin da aka rufa a kan kabbasa ne. Shi ya sa in aka shafa hannu a kan kofin da aka yi wa wannan aikin ba a jin tudun komai, kuma farce ba ya samun bakin da zai ɓamɓare.

Daga wannan bayanin iyakokin sana'ar suke fitowa. Kofin da ba a yi masa shafen foliyesta ba ba ya karɓar tawadar, ko da zai kwana a cikin na'ura. Tangaran ɗin da ake sayarwa a kasuwa don jeren ɗakin amarya, da moɗar silba, da kofin gilas na gida, duk ba su cikin lissafi. Sannan tawadar ba ta da fari, kuma launinta shara-shara ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Duk farin da aka gani a hoton, farin kofin ne da kansa. Saboda haka sai farin kofi ko mai haske. A kan baƙi ko shuɗi mai duhu zanen ɓacewa yake yi. Mai sana'ar da ya karɓi aikin baƙar gora ya ce zai yi mata bugun tiriri, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa wata hanyar zai bi ya kira ta da wannan sunan.

Fasahar ba sabuwa ba ce, kuma ba a kan kofi ta fara ba. Irin rinin da ake amfani da shi an samar da shi tun shekarun 1920 don rina zaren roba da rinin gargajiya ba ya kamawa. A 1941 wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren foliyesta. A 1957 wani Bafaranshe mai suna Noël de Plasse, ma'aikacin masaƙar Lainière de Roubaix, ya lura cewa wasu rinukan suna tashi da zafi su bar takarda su kama yadi, kuma a kan wannan aka kafa kamfanin Sublistatis. Shekaru da dama aikin manyan masaƙu ne. Abin da ya sauko da shi kan teburin ƙaramin shago shi ne firinta mai fesa tawada, musamman ta kamfanin Epson, wadda bakin fesonta ke tura tawada da girgiza ba da zafi ba. Yawancin firintocin HP da Canon na gida dafa tawadar suke yi kafin su fesa, don haka ba su dace da wannan aikin ba. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin masu bugun tiriri ke dogara da Epson, ko wadda aka ƙera don aikin, ko kuwa ta ofis mai tanki, irin su L805 da L1800, da ake zuba wa tawadar tiriri a maimakon tata.

Akwai bambanci babba tsakanin buga tambari a gefe ɗaya na kofi da buga zanen da ya zagaye shi gaba ɗaya. Na farko aikin ɗan koyo ne: hoto mai kusurwa huɗu a tsakiyar farin fili, in ya ɗan karkace ma ba kowa zai lura ba. Na biyu, wato bugun kewaye, ba ya barin wurin ɓuya. Kofin shayi da aka fi amfani da shi, mai cin oza 11, wato kusan mililita 325, tsayinsa wajen santimita 9.5 ne, kewayensa kuma ya ɗan haura santimita 25, amma mariƙi ya cinye wani sashe, sai a sami kimanin santimita 20 zuwa 22 na bugawa. Dogon tambulan mai oza 20, kusan mililita 590, ba shi da mariƙi. Kewayensa wajen santimita 23.5 ne, tsayinsa kuma kusan 20.5. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Ratar da ta rage tsakanin tsayin tambulan ɗin da faɗin takardar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, kuma firintar da ba a saita ta da kyau ba za ta ci wannan ratar ta bar farin layi a baki ko a gindi.

Wuri biyu ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. A kofin shayi, gefen mariƙi ne. Mariƙin da gindin kofi sun fi sauran jikin kauri, suna shanye zafi, kuma bargon na'urar gashi ba ya matse su yadda yake matse tsakiya. Sakamakon shi ne launi ya yi kyau a gaba ya riƙa dusashewa yayin da ya doshi mariƙi. A tambulan da gora kuwa, mahaɗa ce, inda bakin takardar biyu suka gamu. In suka bar rata, farin zare ya sauko daga sama har ƙasa. In suka hau juna da yawa, baƙin layi ya fito, domin tawadar ta ninku. In takardar ta motsa ko da kaɗan ne lokacin da ake buɗe na'ura kofin na da zafi, kowane harafi ya sami inuwa a gefensa. In iska ta maƙale ƙarƙashin takarda, wurin ya yi dabbare-dabbare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke gyaruwa. Ba a goge bugun tiriri, kofin da ya lalace ya lalace, kuma asarar ta mai shago ce.

Maganin da aka sani shi ne a ja takardar ta ɗame, a ɗaure ta da salatif mai jure zafi daga tsakiyar mahaɗa zuwa sama da ƙasa, sannan a bi baki da gindi. Kofin shayi yakan ɗauki minti uku zuwa huɗu a na'urar gashi. Tambulan na ƙarfe ya fi saurin ɗaukar zafi, wajen minti ɗaya ya isa, amma sai an juya shi an sake gasawa domin bargon na'urar ba ya rufe kewayen duka. Masu neman aiki mai tsabta sukan koma ga tanderun lantarki mai fanka: a sa wa tambulan ɗin rigar leda mai tsukewa da zafi, ta matse takardar ta ko'ina, a gasa minti biyar zuwa shida. Tambulan mai faɗin baki da tsukakken gindi kuwa wata fitinar ce daban, don takarda mai miƙaƙƙen gefe ba ta kwanciya a jikinsa. Sai an lanƙwasa zanen tun a kwamfuta, an yanke takardar kamar bakan gizo. Akwai kuma alamar da tsofaffin hannu ke dubawa: baƙin da ya koma ruwan ƙasa wuta ta yi masa yawa, wanda ya fito da ɗan kore-kore ko toka-toka kuwa bai gasu ba.

Waɗannan ƙa'idojin a ko'ina haka suke. Abin da ya keɓanci kwarin Rima, inda Birnin Kebbi da Argungu suke, shi ne yanayi da wuta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na shiga kowane shago, kuma ƙwayar ƙura ɗaya tsakanin takarda da kofi ta isa ta bar ɗigo na dindindin a goshin amarya. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, tawada na bushewa a bakin firinta, kuma firintar da ta yi mako ba ta yi aiki ba takan tashi da toshewa, sai an ɓata tawada mai tsada wajen wanke ta. Da damina kuma takardar na shan danshi, danshin ya zama tururi a cikin na'ura ya ɓata launi. Ga maganar lantarki. Babban layin da ya taso daga Kainji yana sauka a Birnin Kebbi, daga nan wani ya wuce Yamai, amma wannan bai sa mai shago ya daina tanadin janareta ba. Ɗauke wuta a tsakiyar gashi asarar kofi ce nan take. Wutar da ta zo ba ƙarfi ta fi illa, domin na'urar na nuna tana aiki alhali zafin bai kai ba. Na'urar kofi ɗaya ba ta cin wuta sosai, ƙaramin janareta ko sola mai batir na iya ɗaukar ta. Tanderu kuwa yakan ci wat 1,500 ko fiye, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowane minti na janareta ya zama abin lissafi.

Babban raunin sana'ar, sai dai, ba a nan yake ba. Kusan duk abin da ake taɓawa a shagon daga waje ya zo. Fararen kofuna, da gorunan, da takarda, da tawada, da salatif, da na'urar, akasarinsu daga Sin suke; garin Yongkang a lardin Zhejiang shi ne cibiyar ƙera filas da tambulan na ƙarfe, Zibo a lardin Shandong kuma ta yi suna a tangaran. Kayan na sauka a tashoshin Apapa da Tin Can a Legas, su ratsa hannun dillalan can ko na Kano, sannan su biyo mota. Wanda ya taso daga Legas sai ya bi Ibadan, Ilorin, Jebba, Kontagora, Yawuri, Koko da Jega kafin ya iso. Katon ɗaya yakan ɗauki kofi 36, kuma tangaran ba ya son ramin hanya. Farashin duk wannan da dala ake auna shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Mai shago a Argungu ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kofin da yake saye shi ne wanda na Sakkwato da na Kano da na Shomolu a Legas suke saye, su kuma sun fi shi kusa da dillali. In gasar ta farashin farin kofi ce, an kayar da shi tun kafin a fara.

To da me zai tsaya? Da abu biyu: kusanci da zane.

Kusancin a bayyane yake. Bugun tiriri ba ya bukatar faranti ko allon siliki da za a shirya kafin a fara, don haka kuɗin buga kofi ɗaya da na kowane ɗaya cikin hamsin kusan daidai ne. Wanda ke son dubu biyar masu tambari ɗaya gara ya tafi Legas, can akwai hanyoyin da suka fi araha. Amma wanda ke son goma sha biyu, kowanne da sunan mai shi, kuma jibi ake walima, ba shi da wanda ya fi maƙwabcinsa. Irin wannan bukatar ba ta yankewa. Rabon kaya a biki al'ada ce da ta kafu, daga bokiti da kwanon roba zuwa kalanda da littafin rubutu mai hoton ango da amarya, kuma kofi da gora sun shigo layin. Ga saukar Alƙur'ani, ga naɗin sarauta a masarautu huɗu na jihar Kebbi, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ga liyafar ritaya da ta ƙarin girma a ma'aikatun da suka taru a Birnin Kebbi tun da aka ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agustan 1991. Ga ɗalibai masu kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da jami'ar jiha a Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ga kamfanonin shinkafa irin su Labana da WACOT, da bankuna, da ƙungiyoyin manoma, waɗanda duk kan bukaci abin ba baƙo. A garin da ake shan zafin digiri 40, gorar ƙarfe mai bango biyu da ke riƙe sanyin ruwa sa'o'i kyauta ce da za a yi amfani da ita, ba wadda za a ajiye a kabad ba.

Maganar zane ita ce aka fi sakaci da ita, alhali ita kaɗai ce ba a shigo da ita a kwantena. Abin da ake yawan gani shi ne fuskar mutum a gaba, fuskarsa a baya, da furanni ko walƙiyar zinare da aka sauko da su daga intanet a cike tsakani. Wannan ɓarnar fili ce. Takardar kofi doguwa ce a kwance, tsawonta ya ninka tsayinta fiye da sau biyu, kuma mai shan shayi juya kofin yake yi a hannu. Irin wannan filin yana son hoto mai tafiya, wanda ido zai bi daga wannan gefen mariƙi zuwa wancan. Da wuya a sami garin da ya fi Argungu irin wannan hoton. Ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi, dubban masunta ke jeruwa a bakin kogin Matan Fada da homa a hannu da gora a kafaɗa, a buga bindiga su auka ruwa gaba ɗaya, ga kwale-kwalen makaɗa na ratsawa, ga Sarkin Ruwa, ga masu fitowa da giwan ruwa a kafaɗa zuwa wurin awo. Hoto ne da babu kalanda mai tsaye da za ta ɗauke shi yadda ya kamata, amma kewayen kofi zai ɗauka. A tambulan ma ya fi dacewa, domin ruwa ba shi da farko ba shi da ƙarshe: mai zanen da ya san aikinsa zai sa mahaɗa ta faɗa a kan ruwan kogi, inda ko ta ɗan goce ba mai ganewa.

Bikin yana da nauyin da zai ɗauki tsaraba. A 1934 aka fara shi a wannan siffar, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu, ziyarar da ta rufe babin doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Ban da kamun kifin akwai wasannin kabanci, da tseren jirage, da kamun agwagwa, da kokawa da dambe. A cikin gari kuma ga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, cike da masu da takubba da tambura. Baƙon da ya zo daga Legas ko Yamai ko Turai ya kalli wannan duka, in ya nemi abin da zai koma da shi gida wanda ba ya ruɓewa kuma yana shiga jaka, bai kamata ya rasa ba.

Amma a yi hattara da gina shago a kan biki. Bayan na 2009, bikin Argungu ya yi shekara goma ba a yi ba, sai a Maris na 2020 ya dawo, shekarar da kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Rashin tsaro, da ƙarancin ruwa a kogi, da ra'ayin gwamnatin da ke kan mulki, kowanne na iya ɗage shi. Wanda ya ci bashi ya buga kofi dubu da shekarar biki a jiki, aka ɗage, ya zauna da kayan da ba mai saye. A nan ma yanayin bugun tiriri ya ba da mafita: fararen kofuna ba sa tsufa, zanen kuma a kwamfuta yake, sai a buga kaɗan, in sun tafi a ƙara. Kuma zanen da bai ɗauki kwanan wata ba yana sayuwa duk shekara, a gidan tarihi, da masaukin baƙi, da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Haka zancen yake ga bukukuwan Rigata ta Yawuri da Uhola ta Zuru, da hawan sallah a ƙofar fadar Abdullahi Fodiyo, da fadamar shinkafa a lokacin da ta yi kore shar.

Ba hoto kaɗai ba ne abin ɗauka. Matsalar zagaye abu mai kewaye da zane ba tare da an ga inda aka fara ba, masu zanen ƙwarya da masu saƙar faifai da masu ɗinkin hula sun daɗe da warware ta. Suna raba kewayen gida-gida, su maimaita siffa ɗaya har ta dawo ta cim ma kanta. Ɗan zamanin da ke fama da mahaɗar tambulan a manhajar CorelDRAW zai ƙaru in ya zauna da mai zanen ƙwarya ya ga yadda yake auna fili da ido. Sai dai ɗauka ba sata ba ce. Hoton masunta da ke yawo a Facebook wani ne ya shiga rana ya ɗauka, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba shi iko a kan aikinsa. Haka tambarin Real Madrid ko Arsenal da samari ke so a gorarsu yana da masu shi. A ce ba wanda zai biyo ƙaramin shago a Argungu da ƙara, wataƙila gaskiya ne. Amma shagon da ya biya mai hoto na gari ya mallaki hoton da ba wanda ke da shi, ya sami abin da maƙwabcinsa ba zai sauko da shi daga intanet ba gobe.

Ingancin hoton da abokin ciniki ke kawowa wata damuwa ce ta kullum. Zanen kewaye na bukatar ɗigo kusan 300 a kowane inci. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, in ya zaga waya uku kuwa sai a hankali. A fuskar waya yana da kyau, a jikin tambulan sai ya farfashe. Tura shi a matsayin fayil ya fi. Sannan launin fata. Firintar ofis da aka zuba wa tawadar tiriri ba ta san an canza mata tawada ba, sai an sa mata ma'aunin launin da ya dace da tawadar da takardar. In ba a sa ba, fuskar baƙin mutum ce ke fara shan wahala: ko ta yi ja kamar an shafa mata jan ƙasa, ko ta dunƙule ta zama duhu babu ido babu hanci. Takardar kuma ba ta faɗin gaskiya, domin launi a kanta a dushe yake fitowa, sai bayan gashi yake bayyana. Mai shagon kirki yakan sadaukar da kofi ɗaya ya gwada kafin ya buga hamsin.

Rubutu ma haka. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a ga an buga gaisuwar ɗaurin aure da haruffa marasa lanƙwasa, ko akwati ya fito a gurbin harafi. Rubutun Larabci da ajami kuma, in manhajar ba ta iya rubutu daga dama ba, haruffan rarrabuwa suke yi su juya baya, kuma wanda bai iya karatun ba ba zai gane ba har sai kofin ya isa hannun malami. Game da ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah kuwa, mafi aminci a bar su. Kofi abin wanki ne, yana shiga ruwan wanke-wanke, yana faɗuwa ƙasa, ƙarshensa bola. Sunan mahaddaci da ranar sauka da addu'ar alheri da Hausa sun wadatar.

Lokacin zaɓe kasuwar kan cika da aikin 'yan siyasa, kuma kuɗi ne mai kyau in an biya. Sai dai aiki ne na wata biyu a shekara huɗu, bashinsa kuma ya fi kowane wuyar karɓa, musamman in mai fuskar ya faɗi. Abin da ya fi shafar gwamnati a wannan sana'ar shi ne tsarin tallafin matasa. Al'adar raba na'ura a filin taro a ɗauki hoto ba ta haifar da masu sana'a. Na'urar gashi ita ce mafi arha kuma mafi sauƙin koyo a duk aikin. Mako guda ya isa. Abin da ke ɗaukar watanni shi ne tsara zane, da saita launi, da lissafin farashin da ya haɗa da kofunan da suka fashe a hanya da waɗanda suka ƙone a na'ura. In har za a kashe kuɗin jama'a, koyar da waɗannan a kwalejojin jihar ya fi raba ƙarfe amfani. Masu shagunan su ma in suka haɗa kuɗi suka yi odar kaya tare, dillali zai saurare su fiye da yadda yake sauraron mai katon biyu. Sana'a ce kuma da ta dace da matan da ke aiki daga gida, domin teburi ɗaya da taga mai iska sun ishe ta, ciniki kuma ta waya ake yi.

Ta fuskar lafiya, bugun a bayan kofi yake, ba ya taɓa abin sha a ciki. Abin dubawa shi ne kofin kansa. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304, wanda ke da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, shi ne ya dace da abinci. Mai lamba 201 ya fi arha, kuma ya fi saurin yin tsatsa. Gorar alminiyam mai bango ɗaya tana karɓar bugu da kyau amma ba ta riƙe sanyi, kuma ana sayar wa mutane ita da sunan filas. Tanderun da aka gasa tawada a ciki ba a ƙara gasa abinci a cikinsa, ɗakin aikin kuma yana son iska. Shafen foliyesta ma daraja-daraja ne: mai kyau yana jure wanki shekaru, mara kyau yakan dushe cikin watanni. Ko mai kyaun yana da abokan gaba biyu da ke kowane gida, soson ƙarfe da rana. Soson yana kankare shafen tare da launin da ke cikinsa, rana kuma tana cin rinin a hankali, don haka gorar da ke wuni a gaban mota ko a kan babur ba za ta yi ƙarkon wadda ke ofis ba.

A 'yan shekarun nan wasu hanyoyin sun shigo suna raba kasuwar. Akwai sitikar da ake bugawa da tawada mai bushewa da hasken UV, wadda ke da fari, tana kama baƙar gora da gilas da roba, ba ta bukatar zafi ko shafen foliyesta. Ana iya yin odarta daga Kano ko Legas a liƙa da hannu, ko da babu wuta. Rauninta shi ne a sama take zaune, bakinta na iya ɗagowa da wanki, kuma zagaye tambulan da ita ba tare da kumfar iska ba aiki ne. Akwai sassaƙa da hasken leza, wadda ba ta gogewa har abada amma ba ta da launi, ta fi dacewa da suna ko tambari a kan gora mai fenti. Bugun tiriri ya rage da filinsa: farin kofi, hoto mai launuka da yawa, daga baki har gindi, a adadi kaɗan. Shagon da ke son ya karɓi duk aikin da ya shigo zai bukaci aƙalla biyu daga cikin ukun, kuma tun wajen karɓar aiki ya kamata a gaya wa mai kaya wacce za a yi masa da abin da za ta jure.